Ranar da Nikanikan Mma Azeta Ya Yi Shiru

Duk wanda ya ce maka ya san Moshi Zongo amma bai san Mma Azeta mai nikanika ba, to a guje ya wuce unguwar, kuma da auduga a kunnensa. Ita ba sai ka gan ta ba. Tun daga bakin titi za ka ji ta. In ta ce wa maƙwabciyarta "ina kwana", mutanen unguwar Jisonayili can nesa ne ke amsa "lafiya lau". An ce wata safiya ta ƙwala wa 'yarta kira ta kawo mata ludayi, sai wani mai yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya taka birki a tsakiyar kasuwar Tamale, ya juyo ya dubi fasinjojinsa ya ce, "Don Allah wanda ke da ludayin nan ya miƙa mata mu huta."

Ba da wannan murya aka haife ta ba. Tsofaffin unguwa sun ce lokacin da take tallan koko da ƙosai, sai ka sunkuyo kafin ka ji kuɗin abin. Ubanta Bamoshe ne, ya gangaro daga arewa da shanu, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Ta girma ta auri Dramani direban babbar mota, shi ne ya sayo tsohon injin niƙa daga Kumasi, irin wanda mu nan muke kira nikanika, ya kafa shi a rumfar kwano a ƙofar gida. Bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da goyon Zuweira da kuma injin. 'Yan uwa suka ce a sayar, ai mace ba ta tuƙa inji. Azeta ta ɗaure zani a ƙirji, ta shiga rumfar, kuma har yau ba ta fito ba.

Masarar tuwon zafi, geron koko, jiƙaƙƙiyar masarar banku ta mutanen kudu, gyaɗa, barkono, babu abin da bai bi ta bakin injin nan ba. Shi kuma injin, yana ba ta abinci yana cin kunnenta a hankali. Ita dai ba ta taɓa yarda ba. In ka yi mata magana ba ta ji ba, sai ta harare ka ta ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, kowa na magana kamar yana tauna goro. Abu ɗaya take ji tangaram, wato rurin injinta. Da ya yi shiru ta san an ɗauke wuta, sai ta daka tsawa, "Sun ɗauke!" ta cusa hannu cikin bakin injin ta kwashe ƙullun kafin ya bushe ya manne. Hannun ya saba, ba ya jiran izinin kai.

Zuweira kuwa, Allah da ikonsa, ta fito shiru-shiru kamar ba a rumfar nan ta yi rarrafe ba. Tun tana ƙarama in jirgi ya wuce zai sauka a filin da ke hanyar Bolga, sai ta saki duk abin da ke hannunta ta ɗaga kai. Kwanukan da ta fasa a haka sun isa a buɗe shago. Ta yi karatu, ta yi ƙoƙari, har wata makarantar koyon tuƙin jirgi can kudu ta ɗauke ta, da tallafin karatu da komai. Abu biyu suka rage mata: ta zo da abin kunnenta na matuƙa jirgi, sannan uwarta ta ce mata "ki je". Yarinyar ta rantse ko ƙofar tasha ba za ta taka ba sai ta ji wannan kalmar daga bakin Mma.

Mma ta ce a'a.

Mutane suka ɗauka tsoron faɗowa take yi. Ta ce su daina raina mata hankali, faɗuwa ta Allah ce, mutum na faɗowa daga kan babur ma a gaban gidansu. Abin da ya tsaya mata daban ne. Wata shekara ta raka Mashudatu mai wake filin jirgi za ta tafi Hajji. Jirgin ya taso, ƙasa ta girgiza, Azeta ta toshe kunnuwa da hannu biyu. To ranar da Zuweira ta matsa mata da roƙo, sai ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ta faɗe shi yadda har masu sallah a masallacin layi suka ji.

"Ke! Abin da ni Azeta na ji har ya yi min zafi, mai lafiyayyen kunne ai kashe shi zai yi! Wannan ɗan injin ya cinye nawa, ina ji ina gani. Sai in ɗauki naki in kai wa babbansa?"

Nan fa magana ta tsaya. Lokacin tafiya na matsowa, Zuweira na ramewa, uwa na niƙa tana huci.

Akwai wata malamar makaranta, Anti Vida, wadda ta koyar da Zuweira, kuma wajen Azeta take niƙa masarar bankunta. Mijinta Selorm matuƙin ƙaramin jirgi ne, irin mai farfela a hanci, suna haya a Jisonayili. Ita ce ta kai masa labari. Ran wata Asabar da hantsi sai ga shi a kan babur, matarsa a baya da kwanon masara a ka, shi kuma da baƙar jaka a ƙirji kamar mai sayar da maganin gargajiya. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wajensa.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga murya ya ce, "Mma, na kawo hedset uku. Kai ne za ka zaɓa. In bai kashe ƙara ba, Zuweira ya zauna gida, ni ba ruwana."

Azeta ta leƙa jakar ta taɓe baki. "Waɗannan murafan tukunya ne za su tare jirgi?"

"Ka gwada, Mma."

"A nan zan gwada. In sun iya da nikanika, ma yi maganar jirgi."

Matan da ke layi da kwanukansu suka gyara zama. Wata ta aika a kira ƙanwarta. Kafin a juye masarar Anti Vida a inji, rumfar ta cika har waje, kai ka ce rabon naman Layya ake yi.

Aka tada inji. Selorm ya ciro na farko, wani kore mai nauyi, ya ce shi ne mafi araha, ɗalibai da yawa da shi suke farawa. Sai da aka yi yaƙi da ɗankwalin Mma tukuna, don ɗaurinta ya kai girman kabewa, aka sassauta shi, aka cire 'yan kunne. Aka ɗora mata. Idanunta suka firfito.

"Wayyo! Wannan ai akuya ce aka ɗaure a bayan babur! Ƙarar ta ragu, ban ƙi ba, amma kafin kunne ya tsira kai ya fashe. Wanda zai wuni da wannan a sama, in ya sauko uwarsa ma ba za ta gane shi ba. Cire!"

Ya ciro na biyu, nasa na kansa, baƙi siriri mai sheƙi, mara nauyi kamar fanko. Azeta ta shafa shi ta ce nawa ne. Ya faɗa a hankali, ba ta ji ba. Ya ƙara, ba ta ji ba. Da ya gaji ya buɗe maƙogwaro ya ce kuɗinsa zai sayi sabon babur, sai rumfar ta ɗauki salati. Anti Vida ta juyo ta kalli mijinta wani irin kallo, don ashe ita ma ranar ta fara ji. Azeta ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi.

"Mayar da shi jaka, ɗana. Kar kunnena ya ɗanɗana abin da nikanika ba zai iya saya ba."

Saura na uku. Na hannu ne, wani abokin aikinsa ke son sayarwa da sauƙi. Fentin ya ɗan koɗe, amma matasan kunnen sababbi ne, laushi kamar burodin safe, ga wani ɗan akwatin batir a jikin igiyar mai maɓalli ɗaya. Aka sa mata. Ta juya kai dama, ta juya hagu.

"Wannan ba ya cizo. Amma ƙarar tana nan, har ta fi ta koren."

Selorm ya danna maɓallin.

"Sun ɗauke!"

Hannun Mma ya tafi bakin injin kai tsaye. Allah ya sa Zuweira na tsaye a gefenta, ta cafke wuyan hannun da hannu biyu ta fizge shi baya, har suka yi tangal-tangal. Mata suka saki ihu. Azeta ta buɗe baki za ta zazzaga wa yarinyar masifa, sai idonta ya sauka a kan bel ɗin injin.

Yana juyawa. Ƙwan lantarki na ci a saman kanta. Ƙullu na zubowa fari tas cikin kwano. Ga bakunan mata a buɗe, ga rumfar kwano na rawa, amma rurin nan da ta kwana da shi ta tashi da shi tun Zuweira na goye, babu shi. Ya koma can nesa, ɗan siriri, kamar ruwan sama a wata unguwa.

Jama'a, Mma Azeta ta yi shiru. Waɗanda suka gani da idonsu har yau in suna ba da labari sai sun rage murya. Ta tsaya da hannu a sama, gari a girarta, tana kallon injin kamar yau aka kawo shi. Ta ɗaga murfin kunne ɗaya, rurin ya faɗo mata. Ta mayar, ya ɓace. Ta sake ɗagawa, ta sake mayarwa. Sannan ta ce, a hankali, abin da rabonta da yi tun tana tallan koko, "Ikon Allah."

Selorm ya so ya yi bayani, wai akwai ɗan kunne a ciki da ke sauraron rurin, ya ƙera kishiyarsa, su haɗu su kashe juna. Babu wanda ya saurare shi. Sai ya ciro wata 'yar igiya ya haɗa abin da wayarsa, ya ce wa Zuweira ta fita bayan rumfa ta kira lambarsa, kuma kar ta ɗaga murya, ta yi magana yadda take yi da kowa.

Azeta na tsaye sai ta ji mutum a tsakiyar kanta.

"Mma, kina ji na?"

Ta waiga baya. Ta waiga gefe. "Wace ce?"

"Ni ce, Mma. Zuweira."

Ashe duk shekarun nan ihun 'yarta kawai ta sani. "Mma, abinci!" "Mma, ana kira!" Muryar da ta riƙe a ranta ta 'yar firamare ce mai tsiwa a hanci. Wannan kuwa muryar cikakkiyar mace ce, mai sanyi, mai nauyi, ba gaggawa, irin wadda in ta ce a zauna za a zauna. Azeta ta laluba bayanta ta zauna a kan buhun masara. Ta goge ido da bakin zani, ta ce gari ne ya shiga.

"Ashe haka kike magana? Ƙara faɗin wani abu."

"Me zan ce, Mma?"

"Ko mene ne. Ki dai yi ta yi."

Zuweira ta leƙo ta wata huda a jikin kwanon rumfar ta ce, "Mma, ƙullun Anti Vida na zuba a ƙasa."

Da gaske kuwa, kwano ya cika ya tumbatsa, ƙullu ya kai idon sawun mai shi, ita ko ba ta ma lura ba, tana can tana share hawaye da gefen gyale.

Kar ka ɗauka shi ke nan Mma ta sallama. Ba a sayen abu a hannun Azeta da daɗin baki, ita ma ba ta saye da shi. Ta cire abin ta kira Zuweira, ta ce a ɗora mata a kan hijabinta yadda za ta sa a jirgi. Selorm ya ce hijabi mai kaurin nan zai bar ƙara ta shiga ta gefe, sai dai mara kauri. Aka shiga gida aka canjo. Mma ta ajiye kujera dab da injin, wurin da ko kaza ba ta tsayawa, ta ce yarinya ta zauna nan, kar ta motsa sai an gama da kwanon ƙarshe a layi. Aka niƙa gero, aka niƙa masara, aka wanke inji aka niƙa barkono, kowa na atishawa, Zuweira na zaune da murafai a kunne kamar sarauniya. Har aka kira azahar.

Da aka kashe inji, Azeta ta cire mata abin da hannunta. Ta ɗage hijabin, ta duba bayan kunnen dama, ta duba na hagu, ta latsa saman kai ko ya yi shati, kamar mai sayen rago a kasuwar dabbobi. Ba ja, ba kumburi. Ta koma bayan yarinyar, ta tattara duk ƙarfinta ta yi raɗa. Raɗar Mma dai kun san ta, amma ranar ta yi ƙoƙari.

"Zuweira."

"Na'am, Mma."

Azeta ta daɗe tana juya abin a hannunta. Ta ce wa Selorm ya gaya wa abokinsa an saya, kuma ya sa batir sabo, ba ta son wasa. Sannan ta rataya shi a wuyan 'yarta, ta kama kunnuwan nan biyu da yatsunta masu gari, ta ɗan ja su kamar lokacin da take ƙarama.

"Ki je. Allah ya tsare, ya kai ki ya sauke ki lafiya. Amma ki dawo min da waɗannan yadda na ba ki su."