Sunan da Hawwa Ta Iya Faɗa

Biba ta shigo gidan abincina na Belleville a shekarar da zafi ya kashe tsofaffin Paris. Ɗan fari ce a wurin ƙawata Hawwa ta La Courneuve, kuma ranar suna Chaibou aka raɗa mata. A Damagaram da an ce ɗan daudu ne, a ba shi tukunya, magana ta ƙare. Ita ta ce a'a, mace ce, kuma maganin da zai daidaita jikinta take so. Na ɗauke ta aiki, tun da miyar kukarta ta fi tawa.

A ƙasar nan, a lokacin, ba a ba da wannan magani sai lokotoro, wato likitan ƙwaƙwalwa, ya yarda. Na Paris suka yi ta ja mata rai, sai ta koma wurin wani a Lyon. Ni dai mutumin da aikinsa tambaya ne, bai taɓa ba da amsa ba, ban yarda da shi ba.

Duk randebu, wato ranar ganin lokotoron, sai ta dawo da sabon zargi. Ta sa wando, ya ce ina macen? Ta sa leshi da gwaggwaro, ya ce wasan kwaikwayo ne. Ta sunkuyar da kai don ladabi, ya ce akwai abin da take ɓoyewa.

Rannan ta dawo ido ja.

"Inna, ya tambayi yadda uwata ke kirana. Na ce ba ta taɓa faɗin sunana ba."

"Ke dai sakarya ce! Kin gaya masa kunyar ɗan fari ce?"

"Na gaya masa. Ya ce ƙiyayyar uwa ce ta juya mini kai, ita za a warkar, ba jiki ba."

Haka shekaru suka tafi, gemu na fitowa, Biba na askewa tana kuka a bayan kicin. Daga ƙarshe ya ce a kawo uwar. Na ja Hawwa muka hau jirgin ƙasa, tana jan casbi tana zagina har Lyon.

Mutumin siriri ne, gilashinsa a kan hanci. Biba ce ke fassara, shi kuwa yana kallon bakinta kamar mai awon zinariya.

"Madam, faɗi sunan abin da kika haifa."

Hawwa ta ja mayafi ta rufe baki. Ko da wuƙa ba za ta ce Chaibou ba. Ya fara rubutu, na ga aikin ya lalace. Biba ta zabura za ta miƙe, jakarta ta zube ƙasa.

"Ke Biba, tattara kayanki, kin cika shirme!" in ji Hawwa.

Wannan suna ba liman ne ya raɗa shi ba, babu kunya a kansa. Amma lokotoro ya ɗago kai, ya cire gilashi. Wai uwa ta karɓi ɗiyarta a gabansa. Kafin sanyi ya fita, Biba ta fara shan magani.

Bai gane mu ba da ya hana, bai gane mu ba da ya bayar.

A jirgin komawa Hawwa ta ce mini, "Ni fa ban ce na yarda ba." Sannan ta kwance ƙullin kilishi ta miƙa gefe, ba ta ko duba ba.

"Biba, ungo."