Kumburin da Hannu Ba Ya Taɓawa

Mutumin da ke gefena a layin ganin likita yana rungume da baƙar jaka kamar jariri, bakin tiyo ya leƙo daga cikinta. Ƙato ne, idanunsa jajur, kumatunsa ɗauke da sawun maɗauri. Ganin makullan da ke ƙugunsa, ina jin direban babbar mota ne.

Sai latsa ƙafarsa yake da yatsa, ya saki, ya duba.

"Likita ya ce kumburi ya ragu tunda na fara kwana da injin numfashin nan a hanci," yake ce wa matarsa. "Ni fa ban ga inda na kumbura ba."

"A jijiyoyin jini ya ce, maigida. Tsayawar numfashinka cikin barci ke jawo shi."

"Wane irin kumburi ne hannu ba ya taɓawa?"

Ita ma ƙasan idonta ya yi baƙi, irin na wadda ta shekara goma tana gadin numfashin wani.

Can kansa ya langwaɓe, minshari ya tashi, sai ya yanke ɗif. Ko kallonsa ba ta yi ba, leɓɓanta kawai ke ƙirga. A goma sha biyu ta zungure shi da gwiwar hannu, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Ba barci nake ba," in ji shi.

"Na sani," ta ce, ta gyara masa jakar.