Simintin da Ya Ƙi Bushewa

Gidan da mai gidana ya bar mini a Kazaure, ɗakunan hayarsa ne ke ci da ni, don haka ban iya wasa da haya ba. Duk mai shiga, bayan kuɗin shekara sai ya ba da kuɗin ajiya. In ya tashi bai ɓata mini komai ba in mayar masa, in ya yi ɓarna in cire. Tsakar gidan kuwa kaf na sa an malale ta da siminti har bakin magudana, don na gaji da taɓon damina. Ina ji da simintin nan, ba na ɓoyewa.

Wata shekara wani mai gyaran babur ɗan Gwiwa ya kama ɗakin baya, shi da matarsa 'yar Babura, da tsohon cikinta. Yara ne masu kunya, ba sa wuce ni ba su rusuna ba. Ta haifi namiji ina Kano wajen biki. Da na dawo sai na tarar an fasa mini siminti a ƙofar ɗakinsu, faɗin faifai, an cike da ƙasa. Wallahi sai da idona ya rufe.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka?"

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ungozoma ce ta ce a binne mabiyya inda ruwan wanka zai riƙa sauka. Na duba gidan, ko'ina siminti."

Na haɗiye saboda mai jego. A kan wurin take wankanta safe da yamma, ruwan zafi da ganyen darbejiya, ƙasar tana shanyewa.

Jaririn bai kai arba'in ba ya koma. Uwar ta daina ci, ta daina magana, sai kallon ƙofa. Mijin ya ɗauko mota ya kwashe ta da kayansu zuwa gidan iyayenta, shekarar haya ko rabi ba ta yi ba. Bayan kwana biyu ya dawo shi kaɗai ya tsuguna a gabana.

"Inna, kuɗin ajiyar nan. Magani ake saya mata, har kayan aikina na fara sayarwa."

Na ji tausayinsa, amma na ce a'a. Ka tashi ba wa'adi, ka fasa mini gida, sa'an nan in miƙa maka kuɗi a kan me? Muka je gaban mai unguwa. Ya ce haƙƙina ne in riƙe har a yi gyara, in cire abin da gyaran ya ci, ragowar kuma ba tawa ba ce, tashi da wuri bai halatta mini ita ba. Yaron bai yi musu ba. Ya ce in an gama zai zo, ya hau babur ɗinsa ya tafi hannu wofi.

Na kira magini ya toshe wurin. Bazara ce, irin ranar da in ka shanya zani kafin ka juya ya bushe. Washegari da hantsi na ga facin jiƙe sharkaf. Na aika aka kira maginin na wanke shi tas, na ce ya cuce ni da rairayi. Bawan Allah ya rantse, ya fasa ya sake.

Ran nan da la'asar ina zaune ina tsintar shinkafa, a kan idona facin ya fara duhu daga tsakiya. Ruwa ya taru ya kwanta, bai gangara magudana ba. Tururi na tashi. Ɗakin da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanina, ba kowa a tsakar gidan sai ni da kajina. Na tashi na ɗora tafin hannu, na janye ba shiri don zafi. Hannuna warin darbejiya yake.

Innalillahi! Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji a gidana ba. Haka kullum, safe da yamma, daidai lokacin wankan jego. Matan sauran ɗakunan suka koma bin jikin bango in za su wuce.

Yaron bai zo ba, ni kuma na kasa jira. Na ƙulle ragowar kuɗin a gefen mayafi na shiga bas zuwa Babura. Na sami matar tasa kwance a kan tabarma a rumfar uwarta, ta rame kamar kara. Uwar ta ce tun da aka kawo ta ba ta taka ko zaure ba. Na ajiye kuɗin kusa da kanta, ko kallonsu ba ta yi ba. Ni ta kalla.

"Inna, kin rufe wurin ko?"

Na ce na rufe, 'yata.

"Shi ya sa," in ji ta. "Kullum sai in yi ta zubawa, in yi ta zubawa, ba ya shiga."

Ban san yadda na kai tasha ba. Ina isa gida ko mayafi ban cire ba na ari guduma a maƙwabta, na fasa facin da hannuna har ƙasa ta bayyana. Da la'asar ta jiƙe, ta shanye, ban sake gani ba.

Har yau ina nan a kan bakana, abin da na cire haƙƙina ne. Da kaka mijin ya zo gaishe ni da kwanon wake, ya ce ta tashi, har tana girki. Ya ga ramin, ya sa hannu a aljihu wai zai biya a sake toshewa. Na ce ya mayar da kuɗinsa. Duk ɗan hayar da ya shigo yanzu, kafin maganar ajiya sai na kai shi ƙofar ɗakin baya na nuna masa ƙasar nan, na ce nan ba a takawa.