Wasiƙun kawuna guda biyu

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, aka miƙo min wasiƙa a tsakar gidanmu na Djougou. Na san lokacin daidai don na dubi agogon da mahaifina ya saya min. Haka nake, komai sai na duba na rubuta.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina lakwal, wato makarantar boko, a Parakou, ni kaɗai ce mace mai karanta Faransanci a gidan. Kakata idanunta sun raunana, in na zo hutu ni ce idonta. Ba na iya magana a cikin mutane, amma in aka ba ni takarda ko wasali ba na tsallakewa, kuma da wannan kaɗai nake taƙama.

Wasiƙar daga Kwatano take, inda kawuna, autan kakata, yake fataucin goro. Na fassara ta layi-layi: kamiyo, wato babbar motar kaya, ya faɗi da su, yana asibiti, an yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Kakata ta saki taɓaryar dakan goronta.

Mahaifiyata ta ja ni bayan ɗaki. "Ke wace irin yarinya ce? Haka ake faɗa wa tsohuwa? Ai cewa ake ba ya jin daɗi, sai manya su zo su ƙarasa a hankali. Kai kawai gare ki, babu zuciya."

Bayan mako biyu wata wasiƙar ta zo. Kawu ya ce za a sake yi masa aiki, yana so mahaifiyarsa ta zo ya gan ta tukuna. Na dubi tsohuwar da ta rame, na tuna nisan hanya, na ce, "Yana samun sauƙi, yana gaishe ku." Na naɗe takardar ina jin yau kam na zama mai tausayi.

Bayan kwana goma sai ga abokin fataucinsa ya dawo, ya zo wurin kakata. "Hajiya, an yi aikin lafiya. Amma har aka shiga da shi yana duban ƙofa." Mahaifiyata ta ce da ni, "Yanzu kuma ina hankalin naki ya tafi?" Wasiƙa ta uku, maƙwabci kakata ta sa aka kai wa ya karanta.

Na koma Parakou na raba shafin littafina biyu da rula: Kai, Zuciya. Kullum ina sa wa kaina maki. Na ƙi ba ƙawata amsar lissafi, kai. Na yi kuka da ta yi fushi, zuciya. Wata uku ana kunnen doki. Ƙawar tawa ta ce wanda ke auna zuciyarsa da rula ai ya riga ya ba da amsa. Na rubuta wannan ma.

Yau in na tuna sai in yi dariya, don aikin da na ƙare a kansa shi ne ungozoma, inda ba a ba ka lokacin zaɓar guda. Amma a lokacin tsoro nake ji na gaske, kada kakata ta daina yarda da bakina har abada.

Da babban hutu na same ta tana gyaran goro, tana shafa kowanne da yatsa tana ware mai tsutsa. Ta zaro wasiƙa daga ƙarƙashin tabarma.

"Malama, zo. Maƙwabcin nan karatunsa kamar mai shela."

Na durƙusa na kasa karɓa. Na ce, "Kaka, ban san ko ni wace ce ba. Mai kai ce ko mai zuciya?"

Ta ce, "Tambayar da ta ramar da ke ke nan? Ranar farko ban ga fuskarki ba, amma na ji takardar tana karkarwa a hannunki har kika gama. Irin wannan karatun nake so. Ki faɗa min duk abin da ke ciki, hannun kuma ki bar shi ya yi rawarsa. Karɓi, ɗana yana jira."