Gaisuwar Yatsu Biyu

A tashar Karaye akwai wata mata da ta kasa zama. Siririya ce, mayafinta sai zamewa yake tana gyarawa, tana kai da kawowa tsakanin mai ƙosai da motar Rogo da ta ƙi cika. Kwandasta ya ce mini Lauratu ce mai wasan kwaikwayo, kuma ita ke kashe wutar rigima a ƙungiyar masu sauraron rediyo ta yankin nan.

Sai ga wani ɗan takara ya iso, yana saɓa babbar riga, yana miƙa wa talakawa yatsu biyu kamar mai tsoron ƙuna. Ta tsaya cak. Ina ganin kafaɗarta na ɗagawa irin tasa, yatsunta biyu na miƙewa ƙarƙashin mayafi.

Wata tsohuwa ta zungure ta. "Ke 'yar nan, rufa wa kanki asiri. Bara ba a kan irin wannan aka kulle ki ba?"

"Goggo, ai ban taɓa shi ba. Kallo nake."

Mota ta cika, Lauratu ta shiga. Bawan Allah yana can yana murmushi, bai san gaisuwarsa ta samu kujera ba, za ta riga shi isa dandalin Rogo.