Allurar Ƙiba Ta Canza Mini Murya Ana Shirin Bikina

Ranar da na fara gane akwai matsala, daga shagon ɗinki na dawo, na tsaya a zauren gidanmu na yi sallama kamar kullum. Inna ta amsa daga tsakar gida, ta ce maigidan ya fita, a dawo bayan la'asar. Na tsaya cik. Uwar da ta haife ni ta ji muryata ta ɗauka baƙo ne namiji. Da na shiga ta ganni sai ta yi dariya, ta ce wagga irin mura ai sai citta da kanumfari. Ni ma na yi dariyar, amma na san ba na mura.

A lokacin na gama sakandare ke nan, muna zaune a Unguwar Rogo, ina koyon ɗinki a Minanata, an kuma sa ranar aurena da wani malamin firamare ɗan Wamakko wanda ni na kawo shi gida da kaina. Aibina ɗaya, siririya ce ni tun ina ƙarama. Ranar da ƙannensa suka kawo lefe suka yi ta tsokanata, wai a ɗaura wa amaryar yayansu dutse a zane kada iskar gulbin Rima ta tafi da ita. Wasan dangin miji ne, na sani, amma maganar ta zauna mini a zuciya. Wata ƙawata a shago ta ce in kwantar da hankalina, akwai wata Hajiya mai gyaran amare da ke da allura, ita ta cika yayarta kafin biki.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Hajiyar ta tarbe ni da ɗiyata-ɗiyata, ta fito da ƙaramar kwalba mai ruwa kamar man gyaɗa, an ɓare takardar jikinta. Da na tambaya ta ce ita ke ɓarewa don kada masu kwaikwayo su sace mata sirrin sana'a. Ta kuma ce wadda ta saba yi wa amare ta ɓace a kasuwa tunda kaya suka yi tsada, sai mai kawo mata ya zo da wannan, ya rantse aikinsu ɗaya, wannan ma ta fi ƙarfi. Sirinjin kuwa daga cikin kwanon ruwan zafi ta tsamo shi. Na gani da idona, amma kunya ta hana ni magana, na juya na kama bango.

Na koma sau da dama. Cin abinci ya buɗe, na yi nauyi, sai dai ba inda nake so ba: kafaɗuna da damatsana suka cika, rigunan da na ɗinka suka matse ni a hammata. Ƙuraje suka feso mini a fuska da baya, gashi ya fara tsirowa a haɓata, ina tsigewa a ɓoye yana dawowa. Ni da ba a jin bakina a gida na koma mai faɗa da kowa. Sannan al'adata ta ɗauke. Wannan shi ya fi komai kashe ni. Gwaggona ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce in dubi girman Allah in gaya mata gaskiya tun kafin gari ya sani, ko shi yaron ne ya yi mini ciki. Na rantse mata ina kuka, kukan ma da muryar da ba tawa ba. Sai aka koma cewa sammu ne ko iska, aka yi ta ba ni rubutu da hayaƙi, ina sha ina shaƙa, na san abin da na yi amma bakina ya kasa faɗi. Wanda zan aura kuwa na daina ɗaga wayarsa, sai saƙo kawai. Da na koma wurin Hajiyar ta ce lafiya ce ke shiga jikina. Zuwana na gaba na tarar da kwaɗo a ƙofa.

Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da muke kira Mama, ita ta tare ni a bakin famfo. Ta ɗaga haɓata ta duba, ta ce 'yata, me aka yi miki, kuma kar ki ce mini aljanu. Nan na fashe da kuka, na gaya mata komai. Ita ta gaya wa Inna, ita ta kai mu asibiti. Bayan gwaji likitar ta ce sinadarin maza aka yi ta ɗura mini, wanda ake kira testosteron, magani ne na mazan da jikinsu ya gaza samar da shi, sai da umarnin likita. Ta ce idan na gaskiya ya yi wuya, sai na bayan fage ya cika gari, babu wanda ya san inda aka haɗa shi, ko yawan abin da ke ciki, ko tsabtarsa. Da ta ji labarin sirinjin sai fuskarta ta canza, ta rubuta gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, ta ce za a sake maimaitawa bayan wasu watanni kafin a tabbatar. Aka ɗage bikin. Watannin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Babu abin da zan iya yi, sai jira da sallah.

'Yan'uwana mata, don Allah kada ku miƙa jikinku ga allurar da ba ku ga sunanta ba, ko wace ce ke riƙe da ita, ko da ta kira ku ɗiyarta. Wanda ya tsokane ku ya manta kafin ya isa gida, ku za a bari da abin.

Ranar sakamako na ƙarshe Inna na riƙe da hannuna. Likitar ta ce jinina fes yake, hantata lafiya, al'ada ta daidaita, babu abin da zai hana ni haihuwa in Allah Ya so. Na tambaye ta muryar fa. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, wataƙila ta ɗan sassauta, amma da wuya ta koma yadda take. Inna ta yi ta hamdala tana share hawaye. Ni kuwa ina so in ce Alhamdulillahi da ƙarfi, amma akwai mutane a bakin ƙofa, sai na faɗe shi a zuci.