Hular Kwanon da Ta Zaga Gidanmu

Ina da shekara sittin da ɗoriya 'yata ta ce in zaɓa: ko in riƙa sa hular kwano, ko ta ɗauke kekena na hawa. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Maamobi, cikin Accra, kuma tun tana ƙarama ba ta faɗin magana sau biyu. Ni kuwa tela ne, keken nan shi ne ƙafata. Da shi nake zuwa shago a Nima, da shi nake kai ɗinki, da shi nake ɓacewa idan na hango wanda ban gama wa riga ba.

Ta ɗauki tef ɗina na awo ta zagaya kaina da shi. Shekara arba'in ina auna mutane, ranar na ji abin da suke ji. Kan nawa ƙarami ne, ba yau na sani ba. Washegari ta kawo hula shuɗiya mai ramuka, ta ɗora mini, ta murza wani ɗan abu a ƙeya, ta ja maɗaurin har sai da yatsa ɗaya kawai ke shiga ƙarƙashin haɓata.

"Kaɗa kai, Baba."

Na kaɗa. Hula ba ta motsa ba.

"Haka za ta zauna. Ranar da na gan ta ba haka ba, keke ya tafi."

Abin da ta manta shi ne gidan da nake. Gidan haya ne, ɗaki goma sha huɗu, tsakar gida ɗaya, kuma duk abin da ya ƙetare ƙofa ya zama na kowa: turmi, tsani, dutsen guga. Kwana uku da zuwan hular, makwabcina mahauci ya yi sallama. Mutumin kirki ne, amma Allah ya hore masa kai.

"Malam, ara mini hularka mana. Zan hau babur zuwa Abossey Okai, 'yan sanda sun yi yawa paa a hanya."

A gaban mata suna tuƙa tuwo ya faɗa. Wa zai ce a'a? Na miƙa. Daga shi sai mai gyaran rufi, wanda ya ce ai faɗuwa daga sama ta fi faɗuwa daga keke. Daga shi sai tsohuwar ɗakin ƙarshe, da ta ga ramuka ta ce wannan ai matsami ne, ta tsane wake a ciki. Mahauci ya sake karɓa sau biyu.

Da hula ta dawo hannuna, ni da wani ma sai mu shiga ciki. Na murza abin ƙeyar nan dama, na murza hagu, na ja igiya ɗaya ta biyu ta saki. Ni da ke kwance keken ɗinki in mayar ido rufe, ɗan roba ya gagare ni. Tambayar 'yata kuwa ba ta taso ba, don za ta ce wa ya taɓa. Sai na yi abin da tela ke yi wa riga mai yawa, na yi ciko. Na cusa ƙyallen shadda, na ɗora hulata ta zuwa masallaci, sannan na kifa ta kwano a sama. Na duba madubi na ga dattijo mai kamala.

A gangaren kasuwar Nima wata motar haya ta trotro ta taka birki a gabana, ni ma na taka. Keke ya tsaya, hula ba ta tsaya ba. Ta zamo ta rufe mini ido har hanci. Cikin duhu na ji ana ihu da Hausa da Twi da Ga, ba wanda na fahimta. Na bi ta gefen teburin mai tumatir, hula ta yi nata waje, goshina ya gaisa da bakin kwata.

An ɗauko hular ko ƙwarzane babu. Ni aka sa a tasi, kuma duk asibitocin Accra, na 'yata aka ga ya fi kusa.

Na shirya wa faɗa. Ba ta yi ba. Ta wanke ciwon, tana zare ƙyallen shadda daga wuyan rigata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi mini ɗinki huɗun da aka yi a goshina zafi. Kunya ta kama ni sosai.

Wata guda kekena na ɗaure da sarƙa a ɗakinta. Na taka Nima da ƙafa, duk wanda nake wa ɓuya ya same ni. Ranar da ta dawo da shi, ta sake daidaita hular a kaina, ta ɗauki allurata da zarena ta ɗinke maɗaurin, ta naɗe abin ƙeyar da salatif.

Da yamma mahauci ya yi sallama. Har yau ban iya cewa a'a ba, don haka na miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗora, ta zauna can saman kansa kamar murfin butar shayi a kan tukunyar biki. Ya danna, ya juya, ya haɗa gumi.

"Malam, hularka ta ƙi ni kuraa, sam-sam."

Na ce, "Ni ma abin da 'yata ta bar mini ke nan, Alhaji. Kan mutum ɗaya hular nan ta sani."